Tukunyar da Na Ɗauko daga Bali

Asabar: Greensboro zuwa Honolulu

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Dakta Sanusi ya yi ham a ƙofar gidana da ke bayan High Point Road. Na bar shi ya yi sau uku kafin na fito. Ga wanda bai san mu ba, jirgi ɗaya ya ɗauko mu daga Kano shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma na girme shi da shekara biyar. Shi ya gama karatu, yana koyar da ilimin duwatsu a jami'a, ya sayi gida a Sedgefield. Ni shekara ɗaya da rabi na yi a aji, kai ya ƙi, na shiga masaƙar yadin jins, ina can har yau.

Hutu ya shirya zuwa tsibirin Bali a Indonesiya don ya ga dutse mai aman wuta. Matarsa ta yi nauyi, sai ya ce in zo mu je tunda masaƙa tana rufewa farkon Yuli. Na ce ni ba ɗan rakiya ba ne. Hajara matata ta ce, "Malam, in ba ka je ba, sati guda za ka yi kana yi mana faɗa a kan talabijin." Shi ke nan na haɗa jaka.

Jirginmu ya tashi shida da minti ashirin. Awa ɗaya zuwa Atlanta, awa huɗu da rabi zuwa Los Angeles, inda muka wuni a kan kujera, sannan Honolulu. A can na shimfiɗa jarida a wani lungu na yi salla. Da na idar na ɗauko wa Dakta labarin kwalina. Duk wanda ya taɓa zama da ni bayan sallar Juma'a ya san shi. Shekarata ta farko a masaƙa, ina azahar bayan injuna a kan kwali, foman, wato shugaban ma'aikata, ya tsaya har na sallame, ya sa takalmi ya yi fatali da kwalin a gaban mutane, ya ce in kwashe sharata. Shekara goma ban huce ba.

Dakta ya ce, "Yaya, wannan karo na arba'in ke nan."

Na ce, "Kai da ake buɗe wa ofis da kafet, me ka sani?"

Litinin: Denpasar zuwa Ubud

Asabar muka hau jirgi, muka sha mai a wani tsibiri mai suna Biak, muka sauka Denpasar Litinin ƙarfe tara na safe. Na tambayi Dakta ina Lahadi ta shiga. Ya fara zana mini ƙwallon duniya a bayan tikiti. Na ce ni sallolin Lahadi nake tambaya, ba ƙwallo ba.

Mai duba fasfo ya yi minti ashirin yana juya nawa kafin ya buga hatimi. A waje muka sami direba, sunansa Wayan, siriri, zai yi shekara arba'in, da ƙaramar bas tsohuwa da fure maƙale a bayan kunne. Yana jin Turanci daidai nawa. Muka shirya a kan rupiya, kuɗin ƙasar, dubu ashirin da biyar kullum, har da mai. Kilomita talatin da takwas zuwa Ubud, awa ɗaya da kwata saboda babura. Masauki dubu takwas, da shayi da ayaba da safe.

Tun a hanya na lura da wasu 'yan faifai na ganyen kwakwa, kamar tafin hannu, zube a ƙasa ko'ina, ƙofar shago, bakin gada, har gaban sitiyarin Wayan. A ciki fure ne da 'yar shinkafa da tsinken turare. Wayan ya ce sadaka ce suke ajiye wa abin bautarsu kowace safiya, mata ke saƙawa. Na ce da Hausa, "Mun shigo garin arna." Dakta ya kalli taga.

Da azahar ta yi, Wayan ya nuna mini wata bishiyar kwakwa ya ce Makka tana can. Yamma ce. Ni da na tashi ina kallon gabas, na ce wannan mutumin so yake ya ɓata mini salla. Dakta ya fito da kamfas ɗinsa na aiki ya auna. Bishiyar ce.

Talata: Besakih da ƙauyen Wayan

Mun tashi bakwai da rabi, kilomita arba'in da biyar, hanya sai hawa. Gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tudu kamar matakala, ruwa na sauka daga wannan zuwa wancan. Gaskiya ban taɓa ganin noma mai tsari haka ba, amma ban faɗa ba.

Besakih shi ne babban haikalinsu, a gindin dutsen Agung. Matakalar baƙin dutse, rufin ciyawa hawa kan hawa har sama, mata da tulin 'ya'yan itace a ka. Doka ce namiji sai ya ɗaura zane da ɗamara kafin ya hau. Dakta ya ɗaura yana dariya. Na ce, "Dakta, sai ɗankwali ya rage." Ni na zauna a ƙasa awa biyu, na sayi kwakwar rupiya ɗari uku na sha.

Ƙarfe ɗaya Wayan ya ce mahaifiyarsa ta gayyace mu abinci, ƙauyen minti arba'in ne. Muka isa. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba haƙori, kamar Innata ta Funtuwa. Muna sauka tana tsugunne a ƙofar gida, ta ajiye ɗan faifan nan ke nan, turaren na hayaƙi, tana kaɗa hannu a kansa. Ta miƙe ta ba mu hanya tana murmushi.

Zan faɗa yadda ya faru. Ba tuntuɓe na yi ba. Ƙofar tana da faɗi, Dakta ya ratsa ta gefe. Ni na ga kamar don mu aka ajiye, kamar ana so in tsallake tsafi. Na sa takalmi na yi fatali da shi. Furen ya watse, turaren ya faɗa kwata. Na ce da Turanci, yadda Wayan zai ji, a kwashe wannan daga hanyata.

Tsohuwar ta dubi takalmina, ba fuskata ba, ta sunkuya tana tsince furen ɗaya ɗaya. Na koma mota na rufe ƙofa. Wayan ya zo sau biyu ya ce abinci ya sauka. Na ce ba na cin yankan arna. Dakta ya shiga ya ci. Da ya fito muka koma Ubud.

Laraba: Dutsen Batur

Kilomita talatin da biyar zuwa Kintamani, sanyi kamar Oktoban Greensboro. Daga bakin hanya kana hango rami wanda zai cinye garinmu duka, ga tafki a ciki, ga dutsen a tsakiya yana ɗan hayaƙi. Muka gangara ƙasa. Duk filin baƙin dutse ne mai kaifi, wanda ya taɓa narkewa ya malalo ya daskare, ba ciyawa, ba inuwa. Dakta ya zama yaro, yana ta ƙwanƙwasa da guduma yana cika jaka.

Azahar ta same mu a nan. Ban tambayi kowa komai ba, ina neman inda zan yi taimama. Sai ga Wayan da jarkar ruwa daga mota. Ya zuba mini na yi alwala. Dutsen ba ya sujaduwa, zai yanka goshi. Ya ɗauko sabon zane a ledarsa ya ninka huɗu ya shimfiɗa, ya nuna mini yamma. Wasu Turawa biyu suka taho da kyamara za su gifta ta gabana, ina ji ya tare su a hankali ya ce su zagaya, mutum yana ibada.

Na yi raka'a huɗu ban san me na karanta ba.

Da na idar na ce wa Wayan, ai na ga kaji ma suna tattaka faifan nan a titi. Ya ce, "In turaren ya mutu, saƙo ya tafi, kowa ya taka. Wanda ka yi fatali da shi yana ci." Ya naɗe zanen, sannan ya ce, "Kazar jiya, wani Musulmi ɗan tsibirin Jawa mai gyaran keke Ibu ta kai wa ya yanka." Ibu shi ne Inna a bakinsu. "Ta ce tukwanenmu sun taɓa alade, sai ta je kasuwa ta sayi sabuwa don ku."

Dakta yana gefe yana goge guduma. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yaya, shi foman naka ya jira ka sallame."

 

Alhamis: Tanah Lot

Haikali ne a kan dutse cikin teku, in ruwa ya cika ba a shiga. Shiga ɗari biyu. Kowa na ɗaukar hoto, ni ban ga komai ba. Tun safe nake niyyar cewa Wayan ya kai ni ƙauye, bakina ya ƙi. Na ce bari a ci abinci tukuna. Na ce bari rana ta yi sanyi. Har rana ta faɗi cikin ruwa muka koma masauki.

Juma'a: Denpasar, ƙauye, filin jirgi

Wayan ya kai mu masallaci a Denpasar ya jira a waje. Jirgi shida na yamma. Ƙarfe ɗaya da rabi na ce a bi ta ƙauye. Dakta ya duba agogo ya ce zuwa da dawowa awa uku da rabi, in muka rasa jirgin sai wani satin, kuma Litinin ina da aiki. Na ce na sani. Ya ce wa Wayan, "Mu je."

Mun same ta a tsakar gida tana saƙa faifan gobe, tsinke a baki. Na cire takalmi tun daga ƙofa. Na tsugunna yadda nake yi wa Innata. Duk Turancin da na shirya ya gudu, sai na ce da Hausa, "Inna, na yi miki rashin kunya a gidanki. Ki yafe mini." Wayan bai jira fassarar Dakta ba, ya faɗa mata wani abu. Ta cire tsinken ta yi magana gajeriya.

Wayan ya ce, "Ta ce rannan ka tafi da yunwa, abin ya dame ta."

Ta shiga ɗaki ta fito da tukunyar, ta alminiyam, an wanke ta tas. Ta ce don ni aka saya, tawa ce. Na sa hannu aljihu zan ba ta kuɗi, Dakta ya riƙe mini hannu ya ce, "Kar ka ƙara laifi na biyu." Na karɓa da hannu biyu. Mun isa filin jirgi saura minti talatin da biyar.

Asabar: Gida

A Los Angeles ɗan kwastan ya buɗe tukunyar ya leƙa ciki, ya tambaye ni ba a sayar da irinta a Amurka ne. Na ce ba a sayarwa. Mun sauka Greensboro biyar da minti goma na yamma. A ƙofar gida Dakta ya miƙo mini hannu, na ce, "Sanusi, na gode." Ya daɗe bai ji sunansa a bakina ba.

Hajara ta ɗaga tukunyar ta ce, "Duk tsarabar ke nan? Malam, rabin duniya ka zaga." Na ce ta ajiye ta inda zan riƙa gani.

Kada wani ya ce Garba ya je Bali ya sauya. Ban yarda da abin da suke bauta wa ba, gobe ma ba zan ɗaura zane in hau matakalar nan ba. Amma ba addinina ne ya ce in yi wa tsohuwa haka a ƙofar gidanta ba. Ƙafata ce.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Sanusi, da Wayan, da Ibu wadda ban ko tambayi sunanta ba. Ku kuma 'yan'uwa da muke zama bayan Juma'a, daga yau duk wanda ya ji na ɗauko labarin kwali, ya tambaye ni labarin tukunya.