Saiwar da Jamhuri Ya Yi wa Magana

Ranar da Jamhuri ya sake hawa dutse, ruwa aka wuni ana yi, siriri marar tsawa, kogin Amandit kuwa ya soma yin ja. Ina zaune a rumfar gidansa ina kallonsa yana ɗaura adda a ƙugu.

Mijin ƙanwata Mastaniah ne. Tun yana saurayi sana'arsa haƙar pasak bumi, saiwar nan mai nutsewa ƙasa kamar turke, wadda ɗacinta ya fi na maɗaciya. Siraran yakan sassare su a dafa wa mai zazzaɓi ko mai jego. Masu kauri yakan fafe su ya yi kofuna, a zuba ruwan zafi, a ɗan jira, a sha. Mazan birni ma suna saye, don abin da ba sa faɗa a gaban mata.

Abu ɗaya ya gada wurin mahaifinsa da ba ya wasa da shi. In za ka cire saiwar, baya kake juya mata, ka kama, ka ja, bakinka a rufe. Wanda ya yi magana, itace kawai ya ɗauko.

A daminar ne zazzaɓi ya kwantar da Mastaniah. Ya hau ya ciro mata sabuwa, ta yi ta sha, babu sauƙi. Idonta ya fara rawaya, ko kunun shinkafa ba ya zama a cikinta.

Na ce masa, "Jamhuri, mu ɗaure gora mu yi kwalekwale, mu bi kogi da ita zuwa asibiti tun ruwa bai fi haka ba."

Ya ce, "Yaya, ba laifin magani ba ne, nawa ne. Ina cikin ja matsattsaku ya kama ni a ƙafa, na zage shi. Bari in koma in ciro wata."

Mastaniah ta jiyo mu daga ɗaki. Ta ce, "Baban Rusmini, shekara nawa ina roƙo ka buɗe baki ka yi hira da ni, ashe tsutsa ka ajiye wa maganar."

Ya yi murmushi, ya ce, "Ke dai kwanta, uwar surutu. Gobe warhaka kina bina da faɗa."

"Ka taho da mai zaƙi wannan karon," in ji ta.

Ban hana shi ba. Ni ma da ruwan saiwar nan aka raine ni, ta kuma sha tayar da ni daga zazzaɓi.

Kafin ya sauko, kogi ya cinye hanya. Ya iso a jiƙe, da saiwa mai kaurin damtse, ya ce wannan ko tari bai yi a kanta ba. Ya dafa ta da kauri, ya ba ta. Ta sha don kada ransa ya ɓaci, ta amayar, ya sake dafawa. Sai da ruwa ya janye muka samu kai ta asibiti a garin Kandangan, lokacin ba ta gane kowa.

Likitan ya tambayi abin da take sha, Jamhuri ya faɗa masa duka, har da matsattsakun. Likitan bai yi masa faɗa ba. Ya ce hanta ce, ta daɗe da kamuwa, kuma mai irin wannan ciwo ba a ɗura masa magani mai ƙarfi a gida, kowane iri ne. Jamhuri ya ce, to saiwar ce ta ƙarasa ta, ko jinkirin? Likitan ya ce ba zai iya rabewa ba.

A can ta cika, muka dawo da ita gida.

Bai ƙara hawa dutse ba. Masu zazzaɓi sun yi ta zuwa ƙofarsa, yana cewa su tafi a duba jininsu tukuna. Wasu suka ce tsufa ne ya taɓa shi, suka koma wurin wani mai haƙa.

Yanzu yana Kandangan wurin 'yarsa Rusmini, yana tsare mata shagon kifi busasshe. Idonsa ɗaya ya mutu.