Jaridun da ke Adakar Baba

Ƙas-ƙas-ƙas, a hankali, kamar wata na tsince tsakuwa cikin gero a bayan bango. Bayan azahar ne. Yara suna lakwal, wato makarantar boko, maigidana yana wurin aiki a masana'antar siminti ta Malbaza a nan Nijar, surukina kuma, wanda nake kira Baba, yana gyangyaɗi a gindin dogon yaro. Na ajiye tsintsiya na bi ƙarar har ƙarƙashin gadonsa. Gara ce ta shiga adakar katakon da yake tara jaridu.

Jaridar bishara ce ta Hausa, mai fitowa sati-sati, a Najeriya ake buga ta. Guda ɗaya tak take iso mu. Faston Konni ya fara karantawa, a kawo gidanmu, mu miƙa wa wani tela a Tsarnawa, daga nan ta wuce Tajaye wurin wata tsohuwa da mijinta ya rasu, sannan ta dawo adakar Baba. Mai kai ta da komo da ita wani direba ne Musulmi, ɗan asalin Sakkwato, mai jigilar albasa. In ya tsaya ƙofar gida sai ya ɗaga murya: "Madam, ga 'yar yawonku, ta fi ni sanin hanya!"

Kowa yana rubutu a gefenta da biro. Fasto ya sa ranar taro, tela ya sa matarsa ta sauka lafiya, ni na sa ƙyanda ta bar gidanmu. Tsohuwar ba ta karatu. Ita kaɗai ce mai bin Almasihu a garin, tana zaune cikin danginta Musulmi da suke riƙe da ita da mutunci, amma ba ta da majami'ar zuwa. Jikarta 'yar firamare ke karanta mata ranar Lahadi, wannan ce sujadarta. In an gama, sai ta shafa babban yatsa a gindin tukunya ta dangwala a ƙasan shafin baya. In muka ga baƙin yatsan nan, mun san tana lafiya.

To, a shekarar nan an rufe iyaka, jarida ta yanke. Ranar da na ji garar nan sati bakwai ke nan ba mu ga yatsanta ba, ita kuma sati bakwai ba wanda ya karanta mata kalma guda. Na so in rubuta mata wasiƙa, Baba ya hana. Ya ce a ƙauye ambulan ba ta zuwa sai da mutuwa, kafin a buɗe ta zuciyar tsohuwa ta tsinke.

Na ja adakar tsakar gida na baje jaridun a kan tabarmi. Gara ta cinye kusan rabin na ƙasa, sauran sun tsira. Baba ya farka ya zo yana shafa su, don idonsa ya riga ya yi rauni. Da hannu yake gane su.

Ya ce, "Ɗiyata, wagga ta farko-farko ce, falle guda. Turawan mishan ka buga ta da injin hannu, tawadar na kama ma mutum riga. Ni ka ɗaukar ta bisa keke har Illela, in kwan biyu ga hanya."

Na jera su bisa tsufa, sai ga rayuwar jaridar a shimfiɗe a gabana. Falle guda ya zama shafi huɗu. Sunayen Turawa suka ragu a ƙasan wa'azi, na 'yan ƙasa suka maye. Hoto ya shigo, baƙi ƙirin, ba a gane ango da fasto. Aka buɗe shafin mata, aka buɗe na tambaya da amsa, inda wani ya taɓa tambaya ko ya halatta mai bi ya ci naman Sallar maƙwabcinsa. Akwai shekarun da takardar ta yi laushi kamar ganyen rama, Baba ya ce lokacin yaƙi ne a can, amma ko sati ɗaya ba ta fasa ba. Ni da na yi kwaleji da Faransanci, a shafin matan nan na koyi karanta harshen uwata, bayan aure, ina haɗa baƙi kamar 'yar aji ɗaya.

Nan tunani ya zo mini. Na ce, "Baba, tunda sabuwa ba ta zuwa, mu aika tsohuwa mana."

Ya ɗora tafin hannu a kan tulin. Shekara da shekaru bai bar ko ɗaya ta kwana waje ba bayan ta dawo. Da maigidana ya komo ya ji, dariya ya yi: "Tuwon bara za ki ɗumama ma mutane?" Na ce Maganar Ubangiji ba ta tsami. Washegari da safe na tarar Baba ya zaɓo ɗaya da kansa, mai shafi huɗu, ya ajiye mini a kan turmi.

Na rubuta a gefe: "Inna, muna lafiya, ba mu manta ki ba. Sabuwa ta makale a iyaka." Direba ya karɓa, ya juya ta, ya ce, "Madam, wagga ai ta girme motata." Ya sa ta cikin aljihun gaba.

Sati ya zagayo, ba ta dawo ba. Direba ya ce ya ba tela, tela ya ce ya aika. Sati na biyu ma shiru. Baba kuwa, duk motar da ta wuce sai ya ɗaga kai. Na shiga zargin kaina: ko na ɓatar wa tsoho da abinsa, ko kuwa babu mai dangwala yatsan kuma. Kullum in na durƙusa addu'ar safe, sunanta nake fara kira.

Ran Asabar ta uku ina wanki, na ji sallamar ƙaramar murya. Yarinya ce siririya, da kallabi ja, ta biyo kawunta da ya kawo wake kasuwa. Jaridar tana hannunta, an naɗe ta cikin tsumma mai tsabta. Na goge hannu a zane na buɗe shafin baya. Tela ya rubuta: "Mun gode da labarin aza tubalin majami'ar da aka ɗaura mini aure a ciki." Ƙasa da shi ga baƙin yatsa, har uku a jere.

Na ba yarinyar ruwa, ta sha, ta share baki, ta gyara tsayuwa irin ta mai isar da saƙon da ta haddace a hanya.

"Inna, Kaka ta ce a yi haƙuri, ita tar riƙe ta, sau ukku nik karanta mata, don akwai sunan Kaka namiji ciki ranar da anka yi mishi baftisma. Ta ce in da wadda ta fi wagga tsufa a ba ni yanzu, gobe Lahadi."