Tsinken Tsintsiya da Takalmin Keke

Shekarun baya, kafin yaƙi ya watsa mu, muna zaune a unguwar Kalakla. Na gama sakandare na shiga wata ƙungiyar 'yan mata masu shirin gasar nan da ake haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu. Duk Juma'a da sassafe muna atisaye a hanyar Jabal Awliya. Ni da ko kaza ta fi ni sauri, amma ina ji da kaina.

Wata rana ustazarmu mai horar da mu ta ce in nemi takalmin keke na gaske. Shi wannan takalmi yana da ɗan ƙarfe a ƙasa da ke maƙalewa a feda, ba ya saki sai kin murɗa dunduniya waje. Ta ja min kunne: "Ki je da ƙafarki. Ki gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, kuma ba safa. In dunduniya tana motsi a ciki, ki ajiye shi."

Na faɗa a gida. Yayana ya ce, "Ke? Ki tuɓe ƙafa a kasuwar Omdurman gaban maza? Inna, ba ni tsintsiya."

Ya zaro tsinke ya auna tafin ƙafata, kamar yadda ake mana takalmin Sallah tun muna yara. Sai ya ƙara yatsa biyu kafin ya karya.

Na ce, "Yaya, an ce ya kama ƙafa tsam."

"Ya zol, ke 'yar nan, wa ya taɓa sayen takalmi daidai ƙafa? Gobe ya matse ki a jefar?"

Mahaifiyata ta ce, "Yayanki ya fi ki sani." Shekarata goma sha tara. Wace ƙafa ce za ta ƙara girma?

Ya kawo shi, fari, na gwanjo, mai maɗauri ɗaya. Ƙafata na iyo a ciki. Mahaifiyata ta cusa auduga a bakinsa ta ce halas, shi ke nan, ya yi. Ni kuma na ɓoye wa ustaza, don kada ta hana ni hawa.

Ranar Juma'ar muna dawowa, wata raksha, babur mai ƙafa uku, ta yanko gabana babu ko hon. Na danne birki, na murɗa dunduniya yadda aka koya mana. Ƙafata ta juya a cikin takalmin, takalmin bai juya ba. Na sake murɗawa. Yana nan liƙe da feda. Haka na kife a kan kwalta, keke ɗaure a ƙafafuna, bas na tahowa a bayana. Na ga tayarsa ta hau tayar kekena ta gaba ta lanƙwasa ta, tsakaninta da kaina bai kai kamu biyu ba. Hannuna na hagu ya karye.

A wajen mai ɗori, ina kuka ana jan ƙashi, yayana ya shigo. Bai ce sannu ba. Cewa ya yi, "Dama na faɗa, keke ba na mata ba ne."

Na ce, "Takalminka ne! Takalmin da ka sayo ne!"

Wallahi sai ya laluba aljihun jallabiyarsa ya zaro tsinken nan ya nuna wa mutane. "Ku duba. Ban rage mata komai ba, ƙari ma na yi."

Aka gyaɗa masa kai. Aka sayar da keken.

Hannu ya warke tuntuni, muna ma gaisawa da yayana lafiya. Amma har yau in bas ya yi birki kusa da ni sai in nemi bango in dafa. Kuma haushin bai tafi ba. Ina jin haushinsa, ina jin na Inna, na fi jin na kaina, da na san gaskiya na bari aka toshe ta da auduga. Ƙafar tawa ce, tana nan a jikina ranar, tafiyar bas ɗaya ce zuwa Omdurman. Amma aka tura tsinke ya je a madadina.