Anti Saude da shafin da ta ɗinke

Da safen nan ina cikin dama koko waya ta yi ƙara. Anti Saude ta rasu. A Katagum, a ɗakin mahaifiyarta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na saki ludayin na zauna a ƙasa. Da na ɗan dawo hayyacina na buɗe guruf ɗinmu na iyayen yara, sai ga ta'aziyya tana ta zuba. "Mutuniyar kirki." "Ta so yaranmu." Wallahi ba kuka ne ya fara zo mini ba, fushi ne.

Mu ne fa muka kore ta.

Ga wanda bai san ta ba, Anti Saude malamar 'yan nazare ce a makarantar da 'yata Ummi take, nan Azare. Ba zan faɗi sunan makarantar ba. Maƙwabciyata ce kuma, katanga ɗaya ta raba mu. Lokacin da aka kawo ni garin nan ban san kowa ba, ita ta fara leƙo ni da kwanon dambu. Ta hango littattafan soyayya jibge a kan gado, ta ce, "Amarya, ashe ke ma 'yar gida ce." Tun daga ranar ta saman katanga muke musayar littafi.

Tsiya ɗaya take mini kullum. "Ke dai kowace jarumarki fara ce sol, hanci kamar biro, gashi har gadon baya. Mu baƙaƙe ba a son mu ne?" Ni kuwa in yi ta dariya.

Ita ta riƙe mini hannu a asibiti ranar da na haifi Ummi. Yarinyar ta ɗauko kamannin kakarta ta garin Yana, baƙa ce mai sheƙi.

A littafin Turancin ajinsu Ummi akwai shafin kalmomi da akasinsu. Dogo da gajere, babba da ƙarami. Sai kyakkyawa: farar yarinya mai gashi ruwan zinare. Sai mummuna: baƙar yarinya mai faɗin hanci, kitsonta a miƙe. A ƙasansu mai tsafta farin yaro ne, ƙazami kuma kun san kalarsa.

Kun san yadda ake yi a aji, a fito da yara biyu gaban allo a yi misali da su. Ranar da aka zo kan shafin Anti Saude ba ta je ba, wani malami ne ya riƙe mata ajin. Ya dubi hoton, ya dubi yaran, ya fito da wata fara, ya fito da Ummi. Aji guda suka maimaita kalmar sau uku suna nuna 'yata da yatsa.

Ba ta gaya mini ba. Da la'asar na same ta gaban madubi, ta lafta mai a fuska har cikin gira. Ta juyo ta ce, "Mama, sau nawa zan shafa?"

Man nawa ne. Kun san irin man.

Anti Saude ce ta tono abin da ya faru daga bakin yaran. Ta tattara littattafan ajin duka ta kawo gida, ta zauna da allura da zare ta haɗe shafukan nan biyu ta ɗinke, ɗaya bayan ɗaya, ƙananan ɗinki kamar mai kalmasa bakin mayafi. Ko harafi ba ta yaga ba.

Aka kira mitin ɗin iyaye a kanta.

Wani Alhaji ya miƙe ya ce, "Turancin Turawa muka kawo yaranmu su koya. Waɗanda suka rubuta littafin sun fi ta sani." Wata Hajiya daga baya ta ce, "To ai ba ƙarya aka yi ba, fara ko mayya ce." Aka kwashe da dariya. Hajiya, na ga ta'aziyyarki ɗazu, har da hoton hawaye.

Anti Saude ta ce, "Alhaji, ka shiga ajin ka dubi yaran. Nawa ne suka yi kama da ta farko? Nawa suka yi kama da ta biyu? Wacce kake so 'yarka ta ce ita ce?"

Sai ta dube ni.

Ina layi na uku, labarin Ummi yana bakina. Na sunkuyar da kai. Na tura hannuwana cikin hijabi don kada a ga yadda gaɓoɓin yatsuna suka bambanta da fuskata. Tsoro na ji kada in miƙe wata ta ce, ke fa? Abin da ya rufe mini baki ke nan, ba wani abu ba.

Ƙarshen zangon aka sallame ta. Aka sa reza aka farke zaren. Ta kwashe kayanta ta koma Katagum. Ban ce korar ce ta kashe ta ba, ta daɗe da ciwonta, kwana ne ya ƙare. Amma ta tafi ba wanda ya tsaya mata, kuma ni ya kamata in fara tsayawa.

Watan jiya na je wani bikin suna a Katagum na biya ta gidansu. Na tarar da ita a tabarma, ta rame sosai. Na fara kame-kamen ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Bar shi, amarya. Ummi fa? Ta fara yarda a yi mata hoto?"

Na ce eh.

Ƙarya na yi. Har yau in aka ɗaga waya bayana take ɓuya.

Da zan tafi ta ƙulla wa Ummi aya a leda, ta ce, "Ke da girmanki kika karanta naki littafin, kin ga inda ya kai ki. Ita ko sunanta ba ta gama iya rubutawa ba."

Jarrabawa saura mako biyu, kuma shafin yana ciki. Na gani a takardar bita. Za a ba 'yata hoton yarinya mai kama da ita, ta ja layi da fensirinta zuwa kalmar mummuna, sannan a ba ta maki. Ɗazu na zaunar da ita na ce in ta ga tambayar ta tsallake, sifirin nawa ne ba nata ba. Ta ce, "Malam zai yi faɗa." Na ce ni zai yi wa.

Ranar Asabar akwai mitin ɗin iyaye. Na gaya wa Abban Ummi zan miƙe in yi magana. Ya ce, "Sai yau?" Sannan ya ce shi zai kai ni.

Duk wadda ta rubuta "mutuniyar kirki" a guruf, ina jiran ta ranar. In ba za ki zo ba, don Allah ki goge.

Allah ka jiƙan Saude, ka haskaka kabarinta, ka ba tsohuwar mahaifiyarta haƙuri. Ka yafe mini shirun da na yi. Wanda ya karanta har nan, ya yi mata addu'a da sunanta, ya kuma roƙa mini kada gwiwata ta yi sanyi ranar Asabar.