Rinin Gemun da Ya Hana Ɗan Yayana Aure

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni mai sayar da kifin banda ne a Gashuwa, ina ɗaure kwalaye ina kaiwa kasuwar Nguru, shekaruna sun ɗan haura hamsin. Mutane sun san ni da haƙuri, har idan rigima ta tashi tsakanin 'yan kifi ni ake kira in zauna a tsakiya. Ban yi boko ina yaro ba. Sai da girma ya zo na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan la'asar, kuma a wancan lokacin ban wuce haɗa baƙi da wasali ba. Wannan takardar da hannuna na rubuta ta, ina yi ina gogewa, saboda haka a yi mini afuwa idan an ga gargada.

Yayana ya rasu ya bar yaro ƙarami, ni na riƙe shi har ya zama mutum. Bai taɓa kirana da wani suna ba sai Baba. Ya koyi gyaran injin ban-ruwa, aikin nan ne ya riƙa kai shi fadamar Katuzu, a can ya ga wata yarinya 'yar manoma, suka daidaita. Ya daɗe yana zuwa wurinta a kan mashin, rani da damina. Iyayenta mutane ne masu bin abu a hankali, sun yi tambaya a kansa sun ji alheri, sannan suka ce ya turo manyansa. Manyan nan kuwa ni ne. Ranar da ya zo ya gaya mini, durƙusawa ya yi yana murmushi yana kallon ƙasa, na ji a raina cewa yau zan sauke amanar ɗan'uwana.

To ina da gemu, na fi shekara ashirin ban sa masa aska ba, kuma furfura ta cinye shi fat. Mahaifinmu da lalle yake rina nasa, ni ma haka na gada. Maiɗakina ce take kwaɓa mini, in shafa, in ɗaure da leda in zauna rabin yini kafin ya kama. A makon da za mu tafi Katuzu ina Nguru, sai wani mai tura kayan kwalliya a baro ya tsaya gaban rumfar da nake, ya dubi gemuna ya ce Alhaji har yanzu wahalar lalle kake sha? Ya ciro wani kwali, a ciki akwai 'yar roba mai matsewa kamar ta man goge baki. A jikin kwalin hoton wata mata ce, gashinta ja mai duhu, daidai kalar lallen da ya kama da kyau. Ya ce lallen zamani ke nan, kafin in gama shan shayi ya kama. Na saya. Rubutu ne cike da bayan kwalin, duk da Turanci. Washegari na je aji da shi a aljihu da niyyar in nuna wa malaminmu. Har na sa hannu na taɓa shi, sai na dubi malamin, yaro ne sa'an ɗan yayana, na dubi 'yan ajinmu waɗanda na san za su ce tsoho amarya yake nema. Na zare hannuna na ci gaba da kwafar abin da ke allo.

Ana jibi tafiya, maiɗakina ta tafi barka a maƙwabta, na shiga banɗaki da madubi na matse robar nan a gemu da saje. Abin ya fito kamar jan tumatir, na ce madalla. Na bar shi ya daɗe fiye da yadda mai baron ya faɗa, don ina so ya kama sosai. Da na wanke na ɗaga madubi, sai da na juya na duba ko wani ne a bayana. Gemuna ya koma ruwan hoda mai haske, irin kalar alawar da yara ke tsotsa, har wani ƙyalli yake yi a rana. Ina tsaye a tsakar gida maiɗakina ta dawo. Ta yi salati, sannan dariya ta kama ta har ta zauna a kan turmi, tana cewa Malam idan ka fita haka yaran unguwa za su bi ka da kuɗinsu a hannu. Da ta ga raina ya ɓaci sai ta bar dariyar. Ta karɓi kwalin ta duba hoton, ta ce ai matar nan baƙin gashi gare ta, shi ya sa nata ya yi duhu, farin gashi kuwa kamar farin yadi ne a marina, duk abin da aka ba shi zai ɗauka. Ta ce in je wurin wanzami ya sauke shi, gemu tsirowa yake yi. Ko kuma in tafi haka in faɗa wa mutanen gaskiya, su yi dariyarsu a wuce wurin. Na ce mata ba ta san abin da take faɗa ba. Dattijo ya je neman aure da haɓa a sulluɓe kamar ɗan makaranta?

Daga nan na shiga wanki. Na yi da sabulun wanka, na yi da na wanki, ruwan yana sauka da kala amma gemun yana nan yadda yake. Na matsa lemun tsami, na jiƙa kanwa na goga, na haɗa da toka. Da duk suka ƙi, na ɗauko ruwan nan mai kaifi da take wanke fararen kaya da shi. Ta riƙe mini hannu ta ce Malam ka ji tsoron Allah, fatar mutum ce ba zane ba. Na fizge. Ban kai ga ɗauraye shi ba na ji kamar an watsa mini garwashi. Kafin gari ya waye haɓata da kumatuna sun kumbura sun yi ƙuraje masu ruwa, kalar kuma ba ta tafi ba, sai dai ta yi dabbare-dabbare. Yanzu ko na yarda da aska, babu wanzamin da zai ɗora ta a kan wannan fatar. A ɗaki na yi sallolina, na ce a gaya wa duk mai nemana, har ɗan yayan nawa, mura nake yi.

Dabarar da ta zo mini ita ce rawani. Na aika aka aro mini fari a wurin wani maƙwabci, na naɗa, na ja amawali na rufe har hanci. Da ɗan yayana ya zo raka mu tasha ya gan ni, ya yi dariya ya ce Baba yaushe aka naɗa ka sarautar ba a gaya mana ba? Na ce masa girmama surukai ne. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ɗora mana huhun goro da alawa a mota, ya tsaya yana ɗaga hannu har muka sha kwana. Ni da abokaina biyu ne, 'yan kifi. Bazara ce, kuma a bayan a-kori-kura muke.

A Katuzu an shimfiɗa mana tabarma a zaure. Baffan yarinyar, wani tsoho siriri mai magana a hankali, shi ne waliyyinta, da 'yan'uwansa a gefe. Aka kawo ruwa da fura, abokaina suka sha, ni na ce alhamdu lillahi, don in zan sha sai na sauke amawali. Na ga tsohon ya dube ni. Na fara gabatar da abin da ya kawo mu, zufa tana bin wuyana, gishirinta yana cin ƙurajen nan, ina daurewa. Abin da ban sani ba shi ne irin wannan rinin ba zama yake yi dindindin ba, duk ruwan da ya taɓa shi sai ya ɗebi rabonsa. Ina cikin magana na ga idanun mutane sun bar fuskata sun koma ƙirjina. Wani daga cikinsu ya ce subhanallahi, bawan Allah jini kake zubarwa. Farin rawanin mutane ya jiƙe da ja tun daga haɓa har wuyan riga. Tsohon ya ce in sauke ƙyallen in sha iska, nan gida ne. Babu yadda zan yi, na sauke.

Mutanen zauren suka zuba mini ido. Sun ga fata a kumbure tana ruwa, da gashi mai kalar da ba su taɓa gani a fuskar mutum ba. Tsohon ya tambaye ni cikin tausayi, ya ce Malam wannan wane irin ciwo ne, ya daɗe? Edita, a nan ne na yi kuskuren da ya fi na rinin. Kalma kaɗan ce za ta fitar da ni, in ce rini na saya ban iya karanta kwalinsa ba. Amma bakina ya ƙi. Ina so in nuna abin ba wani abu ba ne, sai na ji kaina ina cewa ai tsohon abu ne, yana zuwa yana tafiya, ko mahaifinmu ya yi fama da irinsa. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sawwaƙe. Aka ƙarasa zama cikin mutunci, suka ce za su yi shawara su aiko.

A hanya na gaya wa abokaina gaskiya. Ɗaya ya buga cinyarsa ya ce wallahi mu sauka mu koma yanzu, ka san abin da ka faɗa kuwa? Ka ce musu ciwon gado ne! Na ce a bari ƙura ta lafa, in fatar ta warke zan koma da kaina. Haƙurin nan da ake yabona da shi, shi na fake da shi. Ina ɓoye a ɗaki ina shafa man kaɗanya ina jira, ban bari yaron ya ga fuskata ba, magana kuwa ta tashi daga zaure ta shiga cikin gida wurin mata, daga nan ta zaga gari: dangin yaron suna da wata cutar fata da ake gado, har launin gashi take juyawa, shi ya sa uban ya zo a rufe ya ƙi shan ruwan mutane. Kafin ƙurajena su bushe aka dawo mana da goronmu.

Ranar na kira yaron na ajiye masa kwalin a gabansa, na faɗa masa komai. Ya daɗe yana juya shi a hannu. Na so ya yi faɗa, ya ɗaga murya, ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa. Sai ya ce Baba da ka nuna mini ai da na karanta maka. Iyakar abin da ya ce ke nan. A gidana yake kwana, ya yi sakandare, ni na biya masa, amma ko sau ɗaya tunanina bai kai kansa ba, don ba na so ɗana ya san ina rina gemu saboda in burge surukansa.

Da fatar ta warke na je wurin wanzami ya sauke gemun gaba ɗaya, abin da na ƙi yi tun farko. Na hau mota na koma Katuzu da haɓa a sulluɓe da kwalin a hannu. Tsohon ya saurare ni har ƙarshe. Da na zo wurin kalar alawa sai da ya murmusa. Sannan ya ce ya yarda rini ne, ga fata ta warke yana gani. Amma da na faɗi haka ran nan, da dariya za a yi a ɗaura magana, don shi ma ya taɓa ƙona gemunsa a wurin hura wuta. Ya ce yanzu uwar yarinyar da kakarta sun kafe, duk abin da za a ce musu gani suke rufa-rufa ce. Kuma shi kansa, in ji shi, yana jin nauyin ya ba da 'ya a gidan da babbansu ya zauna a kan tabarmarsa, goro a tsakani, ya faɗi abin da ba haka ba. Na yi masa sallama na tashi. Ya raka ni har bakin hanya. Bayan kaka aka ɗaura mata aure da wani.

Yaron ya kwashe kayan aikinsa ya koma Nguru. Ya ce injuna sun fi yawa a can, na san ba shi ne dalili ba. Duk ranar kasuwa yana zuwa rumfata ya durƙusa ya gaishe ni, ya taya ni sauke kwalaye. Har yau bai yi aure ba, kuma ban da bakin da zan tambaye shi.

Daga baya na kai wa malaminmu kwalin a gaban 'yan aji duka. Ya karanta ya fassara mana: a fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan, a farin gashi kalar tana fitowa da haske sosai, tana zuba idan ta jiƙe, kuma tana gushewa da kanta bayan an yi wanka sau da yawa. Wato da na bar shi kawai, da ya tafi. Babu wanda ya yi dariya a ajin.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka, musamman dattawa irina, shi ne kada ku shafa wa jikinku abin da ba ku san me aka rubuta a kansa ba, komai daɗin bakin mai talla, komai kyan hoton. In ba ku iya karantawa ba ku miƙa wa wanda ya iya, ko da jikanku ne. In kuma ɓarnar ta riga ta faru, ku faɗe ta a ranar, a wurin, ku bari a yi muku dariya. Ni dariyar yini ɗaya na guje wa, wanda ya biya kuwa maraya ne da bai shafa komai ba. Gemuna ya sake tsirowa, fari fat, ko lalle ban ƙara sa masa ba. Kullum na ɗaga madubi ina ganinsa, in tuna yaron nan a tasha yana ɗaga mana hannu.