Garafunin Shingen Maikuɗi

A ƙauyen Kara, duk macen da ta haihu cikin shekara arba'in ɗin nan ta sha ɗacin hannun Gwaggo Yelwa. Ba ungozoma ba ce, ba ta kuma taɓa kiran kanta mai magani ba. Ita dai ta san garafuni, ganyen nan mai hawan shinge da 'ya'yansa ke fashewa jajur idan sun nuna. Kakarta da ta taso a ruga garahuni take cewa, irin bakin Katsina. Yelwa kuwa suna ta raɗa masa nata, uwar jego. Da shi take dama kunun da ke wanke cikin mai jego ya kawo ruwan nono. Mai ciwon ciki ta jiƙa masa, sauran tuƙar ta goge awarwaronta da ita.

Ganyen shinge kuma tun kaka da kakanni ba shi da mai shi. Gona ta mutum ce, abin da ya hau iyaka na kowa ne. Ba a sallama kafin a tsinka.

Daminar bara jikarta Ikilima ta zo wankan gida da ɗanta na fari. Kwana uku nono bai zo ba, jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dushe.

"Gwaggo, ko dai a sayo madarar gwangwani?" in ji Ikilima.

"Madarar gwangwani ce ta raini uwarki? Raguwa kawai. Kafin ki gama wanka na dawo."

Ta nufi shingen gonar Alhaji Maikuɗi, inda garafuni ya fi ko'ina yabanya. Ta tarar da ganyen shar, da ɗan danshi a jikinsa, ta ɗauka raɓa ce. Ashe da sassafe an yi wa gonar feshin maganin ciyawa, mai feshin ya bi har shinge ya zazzage ragowar. Ko tsumma ba a ɗaura a kara ba don mutum ya gani ya kauce. Wa ke da lokacin tuna tsofaffin da ke cin ganye?

Yelwa ta ɗauraye shi sau ɗaya, don a wurinta yawan wanki na tafiya da ƙarfin magani. Ta dama kunu. Ikilima ta kurɓa ta yamutse fuska.

"Gwaggo, wannan ɗacin daban ne. Har maƙogwarona yake ci."

"Haka uwarki ta ce. Shanye."

Ta shanye, don ba ta saba yi wa kakarta gardama ba. Kafin la'asar amai ya sarƙe ta, bakinta ya kwaile. Aka kai ta asibiti a Gwarzo. Washegari Yelwa ta bi ta shingen ta ga ya ƙone ƙurmus kamar an bi shi da wuta, nan ta gane abin da ta ba jikarta. Ranar suna Ikilima ba ta san inda take ba. Kwana biyu bayan nan aka dawo da ita a naɗe.

Maikuɗi ya zo gaisuwa da babbar riga. "Sai haƙuri, Gwaggo, kwana ne ya ƙare. Da ma kin tambaya."

"Alhaji, uwarka da ta haife ka, a shingen wa aka tsinko mata? An tambaya?"

Ya shafa fatiha ya fita. Bana ma ya yi feshi.

Jaririn, Mahbub, da nonon akuya Yelwa ke rainonsa. Ta shuka garafuni a jikin dangar bayan ɗakinta, ya hau ya yi kyau. Mata na aikowa, tana cewa su je su tsinka da hannunsu. Ita ba ta ƙara dama wa kowa ba.