Ɗan Sin Mai Haddar Turanci a Madina

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, mu uku: ni, da wani abokina na ƙuruciya, da yayansa, wani Alhaji ɗan kasuwa da wannan ce Umrarsa ta bakwai, kuma ba ya barin mutum ya manta da hakan. Ejan ya ce ƙarfe bakwai jirgi zai tashi, wanda ya makara ya ja wa kansa. A kan tayil ɗin filin jirgin muka yi azahar, a nan muka yi la'asar, shi kuwa ejan wayarsa a kashe. Na haɗiye abin, domin na yi wa kaina alkawari a tafiyar nan ba zan yi cacar baki da kowa ba. Shekarata goma sha tara ina koyar da Turanci a sakandare, maƙogwarona ya gaji, ibada da hutu na tafi nema.

Daga Jidda muka hau bas zuwa Madina. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, babu rami, babu mai tsayar da kai ya ce a ba shi na shayi, sai baƙaƙen duwatsu da raƙuma jefi-jefi. A wani zango muka ci shinkafar bukhari da rabin kaza a kan riyal goma, farantin ya ishi mutum biyu. Abokina ya ce shi dai in haka ake ci a hanya, bai ga dalilin saurin isa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka sauka a unguwar Al-Sih, gidan kawuna. Kakansa ne ya taho Hajji a ƙasa ta Sudan ya zauna, shi kuma a nan aka haife shi, ya yi aikin lodin kaya a filin jirgin sama na Madina har ya yi ritaya. A gidansa za ka ga miyar kuka a gefe, gurasar tamis da waken ful a gefe. 'Ya'yansa na jin Hausa sarai, amma ka ce musu ina kwana su amsa maka da Larabci, suna murmushi kamar sun yi maka alheri. Tun a ranar Alhaji ya kafa mana doka: daga asubar Juma'a za mu fara arba'in, wato salloli arba'in a jere cikin jam'i a masallacin Manzon Allah, kwana takwas, ba fashi. Na amsa da zuciya ɗaya, don dama abin da ya kawo ni ke nan.

Ranar Asabar da hantsi Kawu ya kai mu Ƙuba. Bayan mun yi nafila na fito neman shayi, sai na ga wani saurayi ɗan ƙasar Sin zaune a inuwar katanga, da farar hula, da 'yar rakoda a cinya, abin ji a kunne, yana rausaya gaba da baya yana motsa baki. Na ce a raina, Allah ya yi albarka, tilawa yake. Da na matso sai kunnena ya ji abin da na gudo na bari a Kano. Turanci yake biyawa, da irin muryar da ake biya allo.

Na yi masa sallama da Larabcina na Islamiyya, sannan na juya Turanci. Ya miƙe zumbur kamar ya ga ɗan garinsu. Sunansa na Musulunci Ishaƙ, na gida kuwa harshena ya kasa ɗauka. Ɗalibin jami'a ne a nan Madina, shekarar ƙarshe, Larabcinsa ya fi na Kawu tsabta. Da taimakon Kawu na gane halin da yake ciki. Wata jami'a a ƙasar waje ta ba shi gurbin ƙarin karatu, da sharaɗin ya ci babbar jarrabawar Turanci, irin wadda ake gwada karatu da rubutu da saurare da magana. Sau biyu yana zuwa Jidda yana rubutawa, yana haye ukun, yana faɗuwa a magana. Asabar mai zuwa ce ta uku, kuma daga ita gurbin ya wuce. In ya faɗi, sai komawa shagon taliyar mahaifinsa.

Na ce to bari in gwada shi. Na ce ya ba ni labarin garinsu. Yaro ya gyara tsayuwa ya zubo Turanci tiryan-tiryan, babu tuntuɓe: garinsu na bakin teku, da yamma yana yawo a kan rairayi yana kallon jiragen ruwa. Na tambaye shi sunan tekun. Ya ƙura mini ido. Na sake tambaya a hankali. Ya dubi Kawu ya ce da Larabci ai babu teku a garinsu, tsaunuka ne da jar ƙasa, shi bai taɓa ganin teku ba sai da ya zo Jidda. Ya zaro wani littafi mai kauri ya miƙo mini. Tambayoyi ne da amsoshinsu, shafi bayan shafi, wani malami a wani mahadi, wato ajin koyon Turanci na kuɗi, ya yi musu shifta, shi kuma ya haddace su kaf. Shekara biyu ke nan yana wannan aiki.

Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske. Yaron da ya iya Larabci ya iya harshensu, mai kaifin ƙwaƙwalwar da za ta ɗauke littafi guda, an mayar da shi rakoda. Alkawarin da na yi wa kaina a Kano a nan ya tashi.

Washegari tsakanin la'asar da magariba na sa Kawu ya kai ni mahadin. Ɗaki ne guda a saman wani shagon kayan wuta. Tun daga matakala nake jin su, samari kamar goma sha biyu, 'yan Sin da wasu 'yan gabashin duniya, malam na faɗa suna amsawa baki ɗaya. Da ya fito na gaya masa ni ma malamin Turanci ne, na tambaye shi yaushe yaran nan suke magana da bakinsu. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce tambayoyin masu jarrabawa ba sa wuce waɗanda ke littafinsa, duk wanda ya faɗi haddarsa ce ba ta zauna ba. Na ce masa mai jarrabawa ba kurma ba ne, yana jin hadda tun daga jimlar farko. Murya ta fara tashi, sai na ji Kawu ya damƙi hannuna.

"Halas, ɗana, ya isa," in ji shi muna saukowa. "Kai da bizar Umra ka zo, bukra, gobe-goben nan, ka tafi. Mu ne a nan. Kada ka jawo mana mushkila a kan yaron da ba ka san ubansa ba."

Gaskiya ya faɗa, amma ba ta sanyaya mini rai ba. Na ce wa Ishaƙ ya ba ni littafin nan ajiya, kuma kullum ya same ni bayan kowace salla a harabar masallaci, ya zagaya da ni gari yana yi mini bayani da Turanci, ko da na guragu ne. Da ƙyar ya saki littafin.

Kwana biyun farko wahala ce zalla. Muka shiga kasuwar dabino na ce ya gaya mini bambancin ajwa da sukkari, ya tsaya yana zufa, yana laluben shafin da babu shi. In ya rasa kalma sai ya rufe ido ya fara rausayawa, in ce buɗe idonka, ni kake yi wa magana. Masu shaguna suna kallonmu, baƙar fata da ɗan Sin suna fama da harshen da ba na uban kowa ba a cikinsu. Wani mai dabino ɗan Cadi ya ce mini da Hausa, "Malam, ku sayi wani abu mana, ko darasin ma ya yi albarka." Na sayi kilo guda na sukkari, ya fi ƙarfin kuɗinsa daɗi.

Alhaji kuwa ya cika ya batse. Ranar Talata muna cin abincin rana ya ajiye cokali ya ce, "Malam, ka ba ni mamaki. Mutane na sayar da gona su zo garin Manzo, kai ka zo ka buɗe ajin yaren Nasara a ƙofar Harami. Da wani ɗan Caina kuma."

Na ce, "Alhaji, 'ya'yanka huɗu a wace makaranta suke? Ba kai ne ka cire su daga tamu ba don ka ce Turancinmu bai nuna ba?" Abokina ya shaƙe da ruwa. Ban so na faɗa ba, don ya girme ni, amma abin da ya fi ƙona mini rai a tafiyar nan bayan mahadin shi ne wannan: mutum ya saya wa nasa abu da tsada, sannan ya ga ɗan wani na nema ya kira shi ɓata.

Ranar Laraba da hantsi Ishaƙ ya gayyace ni masaukinsu can wajen Ƙuba, ya ce zai yi mini taliyar garinsu. Ɗan kicin ne ƙarami, tukunyar romon naman sa na tafasa. Ya kwaɓa fulawa, ya shafa mata mai, ya kama ja yana ninkawa yana bugawa a kan tebur, dunƙule guda ya zama zare-zare a tsakanin yatsunsa. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Na manta da darasi na tambaye shi wa ya koya masa. Hannunsa na aiki, idonsa na kan ƙullun, sai bakin ya buɗe da kansa. Ya ce mahaifinsa ne, tun yana shekara tara, kuma in zaren ya tsinke da ludayi ake buga masa a gwiwar hannu. Ya ce shagon tebur biyar ne, da sanyi tururi ke rufe tagogi har ba a ganin titi. Ya ce uban bai iya karatu ba, amma takardar gurbin nan ya sa an yi mata gilashi ya rataye a saman tukunya, duk wanda ya shigo sai an nuna masa. Turancin a karye yake, jiya da yau duk sun cakuɗe, amma kowace kalma tasa ce, kuma na fahimce shi tsaf. Ya yi kusan minti ashirin bai rufe ido ba.

Kiran salla ne ya dawo da ni. Na duba agogo, na san ko tsuntsu ne ni ba zan kai Harami ba. A masallacin unguwa muka yi azahar. Arba'in ɗina ta karye a salla ta ashirin da bakwai, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo, domin ban san ko zan sake samun zuwa ba. Da na koma gida Alhaji kallo ɗaya ya yi mini ya ci gaba da jan carbi. Kawu ne ya raɗa mini, "Ma'alesh, yi haƙuri, Allah ba ya ɓatar da lissafi."

Ranar Juma'a bayan an sauko muka raka Ishaƙ tashar motar Jidda. Ya ce, "Ustaz, littafina." Na ba shi, don nasa ne, na ce amma ya bar shi a jaka. Ya rubuta adireshin imel ɗina a bayan bangon, muka yi musabaha. Washegari muka ɗaura harami muka wuce Makka, muka yi Umra lafiya, na yi masa addu'a a wajen ɗawafi kamar yadda na yi wa 'ya'yana.

Mun dawo Kano da jarkokin zamzam da dabino, jirgin ma ya sake makara, wannan karon ban ko ɗaga kai ba. Bayan mako biyu na shiga wani shagon intanet a unguwarmu na tarar da saƙonsa. Makinsa na magana ya ɗaga fiye da na da, amma saura rabin maki ya kai abin da ake nema. Gurbin ya tafi. Ya ce da ya shiga ɗakin tsoro ya kama shi, tambayoyi biyun farko hadda ya zuba, sai daga baya ya saki jiki, lokaci kuma ya ƙure. Ya yi mini godiya, ya ce in an gama zangon karatu zai koma gida, abin da bai sani ba shi ne yadda zai ce wa mahaifinsa ya sauke takardar nan daga bango.

Na daɗe zaune a gaban kwamfutar ina tsine wa mahadin nan a zuciyata. Kwana shida ba sa gyara ɓarnar shekara biyu, wannan shi ne darasi na farko da na taho da shi. Na biyun sai ranar Litinin na same shi. Na shiga ofis na jawo durowa don in shirya wa 'yan ajin ƙarshe, hannuna ya faɗa kan wani tsohon fayil. Insha'i ashirin ne a ciki, ni na rubuta su, ni nake yi wa yara shiftarsu kowace shekara in ce su haddace kafin jarrabawar fita. Na je har Madina na ɗaga wa mutum murya a gaban ɗalibansa, alhali nawa littafin ya girmi nasa. Aka kaɗa ƙararrawa, yara sittin na jirana, na mayar da fayil ɗin na kulle durowar, na tafi ajin hannu rabbana, ban san ma ta inda zan fara ba.